Wa Ke Yanke Wa Littafi Hukunci? Tarihin Sharhi a Adabin Kasuwar Kano

A shekarar 1933, lokacin da Rupert East ya shirya gasar ƙagaggun labarai a Zariya, hukuncin littafi yana hannun hukuma ne. Ita ta zaɓi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ta tace su, ta buga, ta kai makarantu. Haka aka ci gaba har zamanin kamfanin NNPC da aka kafa a 1966. Marubuci yakan san matsayin aikinsa tun kafin mai karatu ya ɗora ido a kansa.

Taɓarɓarewar tattalin arziki a shekarun 1980 ta rushe wannan tsari. Takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka karkata ga littattafan makaranta. Matasa, musamman mata, suka kwashi rubutunsu zuwa ƙananan maɗaba'un Kano da kuɗin aljihunsu. A nan sunaye irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka yi tashe. To, da edita ya fita daga sha'anin, wa zai gaya wa marubuci ko ya dace ko ya kauce?

A nazarina, hanyoyi uku suka cike giɓin. Ta farko kasuwa ce: ana fitar da labari kashi-kashi, idan na ɗaya ya yi kwantai babu kuɗin buga na biyu, don haka maganar dillali ta zama hukunci. Ta biyu wasiƙa ce, domin marubuta sukan sa adireshinsu a littafi, masu karatu su aiko da yabo ko ƙorafi. Ta uku shagunan haya ne, inda littafin da ya fi yagewa shi ne ya fi karɓuwa.

Sharhin masana ya biyo baya a shekarun 1990. Ibrahim Malumfashi ya kira wannan rubutu Adabin Kasuwar Kano, ya soke shi, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu kuma suka mayar da martani a jaridu. A 2007 gwamnatin Kano, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, ta ƙona wasu littattafan a bainar jama'a, abin da ya nuna cewa inda sharhi ya yi ƙaranci, hukuma takan dawo da nata ma'aunin.

Mu da muka tashi da waya a hannu mun tarar da labarai a WhatsApp da Wattpad. Marubuciya takan saki babi da dare, ra'ayi ya iso kafin asuba, har wata takan sauya ƙarshen labari don gudun fushin masu karatu. Nisan da ke tsakanin marubuci da mai karatu ya gushe, amma ina ganin har yanzu ana ƙishirwar mai gyara. Yabo yana sayar da kashi na biyu. Wanda zai nuna inda jigo ya karye ko salo ya yi rauni shi ne zai sa a karanta littafin bayan shekara hamsin, kuma tarbiyyar irin wannan mai karatu tana wuyan sassan Hausa na jami'o'inmu.