Kuɗin Fito a Hanyar Takeita: Daga Ayari Zuwa Tirela

Mu da muka tsufa a aikin fiton kaya a Garagumsa mun san albarkar Takeita a mararrabarta take. Nan hanyar Kano ke rabuwa da babbar hanyar Zinder zuwa Maradi, ta bi Kance da Matamaye, ta kai Ɗan Barto, ta tsallaka Kwangwalam zuwa Daura.

Kuɗin fito ya girmi Nasara a ƙasar nan. Zamanin Sarki Tanimu, ayarin Tarabulus kan sauka Zinder ya ɗauki fatu da gashin jimina, fada ta karɓi rabonta, madugu kuwa ya samu tsaro. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai ciniki ya juya kudu, gujiya ta gaji jimina. Faransa ba ta so arzikin ya ƙare a hannun Ingila ba, shi ya sa a 1953 ta fara karkatar da kaya ta Faraku da Kwatano. A 1962 aka kafa kamfanin SONARA, sayar da gujiya waje ya koma hannun gwamnati. Fari da cutar gujiya na shekarun 1970 suka karya wannan ciniki, wake da dabbobi suka maye gurbinsa.

Tun daga nan, abin da ya fi cin ɗan kasuwa shi ne dokar da ke sauyawa dare ɗaya. Najeriya ta rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986, ta sake rufewa a 2019, sannan a 2023. A Janairun 1994 darajar sefa ta faɗi da rabi, lissafin kowa ya rushe. A 2025 Nijar ta fice daga CEDEAO, ƙungiyar da yarjejeniyarta ta sauƙaƙa fiton amfanin gona.

Kuɗin duwan, komai yawansa, ɗan kasuwa na sa shi cikin lissafi tun kafin ya loda mota. Rufe iyaka kuwa ba ya lissaftuwa. Tirela ta tsaya, ƙwari su ci wake, bijimi ya rame, ɗan fasa-ƙwauri ya bi daji, baitulmali ya tashi a tutar babu. Asarar kuma kan manomi take sauka, domin shi ake karya wa farashi a kasuwar ƙauye.

Roƙonmu ga hukumomin Yamai da Abuja shi ne su tsayar da doka a rubuce, su sanar da ita kafin kaka, su bar ta ta zauna.