Iyakar Kamba da Tambayar Biyayya ga Doka

Kafin zuwan Turawa babu iyakar ƙasa tsakanin Kamba da Gaya. Ƙasar Dandi ɗaya ce, ana auratayya, ana cin kasuwa tare, kwalekwale na hawa da gangara a Kogin Kwara. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898, da gyare-gyaren da suka biyo baya, ita ta raba Dandawa gida uku: Kamba ta faɗa Nijeriya, Gaya ta faɗa Nijar, wasu kuma suka zama 'yan Dahomey, wato Benin ta yau. Ba a nemi shawararsu ba.

A watan Agusta 2019 gwamnatin Shugaba Buhari ta rufe iyakokin ƙasa domin hana shigowar shinkafar waje da fitar man fetur. An buɗe wasu a Disamba 2020, amma Kamba sai a Afrilu 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka sake rufewa, har zuwa farkon 2024. A waɗannan shekaru muhawara ta tashi daga Kamba har Bagudo: wanda ya bi ta daji da buhun shinkafa don ya ciyar da iyalinsa, mai laifi ne a gaban hukuma kaɗai, ko kuwa har a gaban lamirinsa?

Tambayar tsohuwa ce a falsafa. Sokratis, wanda aka yanke wa hukuncin kisa a Atina a 399 kafin haihuwar Almasihu, ya ƙi gudu daga kurkuku, domin a ganinsa wanda ya ci moriyar dokokin gari ba zai yi musu tawaye ranar da suka taɓa shi ba. Agustin na Hippo, ɗan Afirka ta Arewa, ya koyar cewa dokar da ta rasa adalci ba ta cancanci sunan doka ba. Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya tsaya tsakani: dokar zalunci ba ta ɗaure lamiri, amma wani lokaci a bi ta domin gudun fitina da sa wasu tuntuɓe. Haka kuma Romawa 13 ta umarci biyayya ga masu mulki, Ayyukan Manzanni 5 kuwa ta nuna inda biyayyar take tsayawa.

Tarihin iyakar bai soke dokar kwastan ba, amma yana tilasta mana mu bambanta abu biyu. Akwai abin da yake mugu a kansa, kamar safarar makamai da ƙwayoyi, ko da babu dokar da ta hana. Akwai kuma abin da ya zama laifi saboda an hana shi, kamar shinkafa. Sai dai na biyun ma yakan ja cin hanci da ƙarya a shingen hanya, ya kuma karya manomin shinkafa na fadamun Kebbi. Shugaban da ya haɗa su duka a kwando ɗaya zai zalunci talaka. Wanda ya wanke su duka zai ba azzalumi mafaka.

Tambayoyi don tattaunawa:
1. Wa ke da ikon cewa doka ta rasa adalci: mutum ɗaya, jama'a, ko kotu?
2. Yunwa tana rage nauyin laifi, ko tana shafe shi?
3. Ikilisiya za ta karɓi baiko daga ribar fasa-ƙwauri?