Abin da ke tsallake katangar Gwarinpa

Lokacin da gwamnatin Janar Sani Abacha ta soma gina rukunin gidajen Gwarinpa a shekarun 1990, tsaron gida bai wuce katanga da get da maigadi ba. Waya ta NITEL ce, ga wanda ya yi sa'ar samun layi. Ko bayan shigowar salula a watan Agustan 2001, mai neman intanet shagon kwamfuta yake zuwa, ya sayi minti talatin, a miƙo masa lamba a 'yar takarda. Daga baya modem ta zo, wadda ake sokawa a gefen laftof. Mutum ɗaya take wa aiki, a aljihunsa take kwana.

Rauta, wato na'urar da ke raba intanet ta waifai, ita ce ta sauya lissafi. Da kamfanoni irin su Spectranet da Smile suka shigar da ita falo, sannan Starlink ta iso Najeriya a Janairun 2023, sai gida ya samu wata ƙofa da maigadi ba ya gani. Siginar waifai ba ta san katanga ba. Takan ratsa taga, ta wuce ɗakunan baya da aka ba haya, ta kai ga bencin mai shayi a bakin layi. A unguwar da aka saba ɗiban ruwa a bohol ɗin maƙwabci, wasu ba sa ɗaukar hawa waifai ɗinsa a bakin komai. Amma ruwa yana sake ɓuɓɓugowa, data kuwa ƙarewa take yi, sai mai gida ya ga ta wata guda ta tafi a kwana goma, ya hau zargin 'ya'yansa.

Su ma makullan waifai suna da tarihinsu. Na farko, WEP, ya fito a 1997, masana suka nuna yadda ake ɓalle shi a 2001. Aka kawo WPA a 2003, WPA2 a 2004, WPA3 a 2018. A ƙarshen 2011 kuma aka gano cewa WPS, wato tsarin haɗa waya cikin sauƙi, yana da lamba mai alƙaluma takwas da ake iya cankowa cikin awoyi. Har yau akwai rautocin da ke aiki da shi a kunne.

Sai dai a nan ba safai ake ɓalle makulli ba, miƙa shi ake yi. Kalmar sirrin na manne a gindin rauta tun daga kamfani, baƙo ya juya ta ya ɗauki hoto. Yaro ya ba abokinsa, abokin ya nuna wa wani hoton lambar QR daga wayarsa, kafin sati ta zagaye layi. Shafin saita rautar ma sau da yawa yana nan da kalmar admin da ya zo da ita. Wannan sakaci ya fi asarar data nauyi, domin duk ta'asar da aka yi da layin, sunan mai gida ne a rajista. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta kutse cikin na'urar wani ba izini, amma mutum nawa ne zai kai maƙwabcinsa kotu?

Mai gida ya buɗe shafin rautarsa yau, ya ƙirga wayoyin da ke kai, ya kashe WPS, ya sauya kalmomin sirrin biyu. In yana son taimakon maƙwabci, ya buɗe masa layin baƙi da saninsa.