Dinoso Masu Cin Nama da Zamanin da Suka Rayu a Yankin Sahara

Dinoso wasu dabbobi ne na zamanin da, dangin kada da tsuntsaye, waɗanda suka gushe daga doron ƙasa kimanin shekaru miliyan 66 da suka wuce. Masu cin nama daga cikinsu, waɗanda masana ke kira teropod, da ƙafa biyu suke tafiya, suna da haƙora masu kaifi da farata.

Yawancin waɗanda aka tono a maƙwabtanmu sun rayu ne a zamanin Kiretashiyos, wanda ya faro shekaru miliyan 145 da suka gabata. A lokacin, inda Sahara take a yau ƙasa ce mai koguna da dazuzzuka, Afirka kuma tana rabuwa da Kudancin Amurka.

Wurin da ya fi shahara shi ne Gadufawa, cikin hamadar Tenere a jihar Agadas ta Jamhuriyar Nijar. A can ne tawagar Paul Sereno na Jami'ar Chicago ta tono ƙasusuwan Suchomimus a 1997. Tsawonsa ya kai kimanin mita 11, bakinsa dogo siriri irin na kada, yana kuma da ƙaton farce mai lanƙwasa a babban yatsan hannunsa. Wannan siffa ce ta sa masana suka ce kifi ne akasarin abincinsa. A 2008 aka bayyana wasu biyu daga wannan wuri, Kryptops da Eocarcharia. Kafin su, a 1993, an gano Afrovenator kusa da Ingal.

Ba kowace ƙasa ce ke adana irin waɗannan ƙasusuwa ba. Duwatsun da suka kewaye birnin Bauchi daga narkakken dutse suka daskare, tun ɗaruruwan miliyoyin shekaru kafin dinoso su wanzu, don haka babu ƙashi a cikinsu. Sai a duwatsun da yashi da laka suka taru suka zama ake samunsa. Irin su ne duwatsun Bima na yankin Gombe, waɗanda suka samu a zamanin Kiretashiyos.

Akasarin masana na ganin faɗowar wani ƙaton dutse daga sararin samaniya a yankin Yukatan na ƙasar Meziko ce ta kawo ƙarshen zamanin. Sai dai reshe guda ya tsira: tsuntsayen yau, har da kaza da zabo, daga zuriyar teropod suka fito.