Maraɗi da Ƙasar Madarumfa: Garin da Ya Fuskanci Kudu

'Yan uwa mambobi, tunda bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu ya sake haɗa mu, muka ga ya dace mu waiwayi tarihin garin da yawancin kayanmu ke kwana a cikinsa, musamman don matasan da suka shigo harkar kwanan nan.

Maraɗi 'yar Katsina ce. Bayan jihadi ya ci Birnin Katsina a 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi hijira arewa, daga bisani Ɗan Kasawa ya zauna a bakin Gulbin Maraɗi. Shi ya sa har yau sarkin ake ce masa Sarkin Katsinan Maraɗi, kamar yadda Gobirawa suka zauna a Tibiri nan kusa. Shi kansa gulbin daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya ratsa Madarumfa da Maraɗi, ya sake juyawa Najeriya ya faɗa Rima, ba wanda ya taɓa tambayar sa takarda. Iyakar da muke tsayawa a kanta a Ɗan Isa da Magama, Ingila da Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyin 1904 da 1906, lokacin fatake sun daɗe suna bin hanyar da jakuna.

Tsohon garin a cikin fadama yake. Ambaliyar 1945 ta rushe shi, aka hau tudu aka yanka sabbin unguwanni. Shi ya sa titunan tsakiyar gari suke a miƙe kamar an ja da igiya.

Gyaɗa ce ta fara yi wa garin ƙiba. Manoman karkara su noma, 'yan baranda su saya wa kamfanonin Nasara, a ɗora a mota zuwa Kano, jirgin ƙasa ya kai ta Legas. Daga cikin yaran kamfanonin nan ne manyan alhazan Maraɗi na farko suka fito. Fatar jar akuya ma ta yi suna har Turai. Amma farin 1973 da 1974 ya karya gyaɗa, ba ta sake tashi kamar da ba. Sai alhazai suka koma fiton kayan da ake saukewa a Kwatano, atamfa da taba da shinkafa, ana tsallakar da su Najeriya, a dawo da fetur da taki da hatsi.

A nan ne rauninmu yake, kuma gara mu faɗa wa juna gaskiya. A Afrilun 1984 Najeriya ta canza takardun naira ta rufe iyaka, wanda ke da tsohuwar naira a wannan gefen ya wayi gari da takardar banza. Aka haɗu da fari, har mutane suka raɗa wa yunwar shekarar suna El-Buhari. Ba a buɗe ba sai 1986. A Janairun 1994 aka rage darajar sefa da rabi. Sai rufewar Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sai ta 2023. Kowane cikinmu yana da labarin motar da kayanta suka lalace a bakin shinge.

Abin da ba mu cika lissafawa ba shi ne mutanen karkara. Mai babban sito yakan jure wata shida. Manomin zogale a Jiratawa, da masuncin tafkin Madarumfa, da matar da ke kai ƙuli-ƙuli kasuwar Jibiya, ba sa jure mako biyu, kuma su ne ke biyo mu ofis suna tambayar yaushe za a buɗe, alhali sunansu ba ya cikin rajistarmu.

Yanzu ana shimfiɗa layin dogo daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021. Direbobinmu da 'yan dako sun fara tambaya ina matsayinsu in ya fara aiki. Mun sa batun cikin ajandar babban taro, muna roƙon kowane reshe ya zo da ra'ayinsa a rubuce.