Malamin makarantar da ya warware tsaunukan kudancin Sikotlan

Kusa da garin Moffat, a tsaunukan kudancin Sikotlan, akwai wani ɗan kwazazzabo mai suna Dob's Linn. Baƙin dutsen da ke gefensa laka ce da ta kwanta a ƙasan teku mai zurfi fiye da shekara miliyan 440 da suka wuce.

Har zuwa shekarun 1870, masanan duwatsu sun ɗauka cewa waɗannan tsaunuka jeri ɗaya ne mai kaurin dubban mitoci, baƙin dutse yana ɓullowa a cikinsa jefi-jefi. Abin da ya ɗaure musu kai shi ne burbushin halittun da ke ciki iri ɗaya ne daga ƙasa har sama, kamar zamani bai taɓa su ba.

Charles Lapworth, malamin makaranta ne da ya zo Galashiels a 1864, bai gamsu ba. Ya kama ɗaki a gidan makiyayi a Birkhill, kusa da Dob's Linn, yana tsaga dutsen falle-falle da guduma, yana rubuta inda kowane ɓallo ya fito. Abin da yake farauta ƙananan halittun teku ne, giraftolait, waɗanda sawunsu a dutse bai fi ɗan yatsa ba, mai tsini-tsini kamar haƙoran zarto. Ya gano cewa siffarsu tana sauyawa daga falle zuwa falle. Ashe baƙin dutsen shimfiɗa ɗaya ce siririya da motsin ƙasa ya ninke, ya maimaita ta sau da yawa. A 1878 ya raba ta uku: Glenkiln, Hartfell da Birkhill.

Shekara guda bayan haka ya kawo sunan zamanin Odobishiyan, wanda ya raba gardamar da almajiran masana duwatsu biyu, Sedgwick da Murchison, suka daɗe suna yi kan iyakar zamanin Kambiriyan da na Siluriyan. Haƙurinsa ne ya jawo masa nasara a Dob's Linn, domin manya sun bi ta wurin ba su tsuguna ba.

Gyara bai tsaya nan ba. A 1977 masanin duwatsu McKerrow da abokansa suka ce ɓangarorin dutsen an kankaro su ne daga ƙasan tsohon tekun Iapetus lokacin da yake rufewa. A tsakiyar shekarun 1980 kuwa aka amince da Dob's Linn a matsayin ma'aunin duniya na farkon zamanin Siluriyan, mita 1.6 sama da gindin shimfiɗar Birkhill.