Daga Kwalba Zuwa Ƙirjin Uwa: Tarihin Renon Bakwaini

A ƙarshen shekarun 1870, wani likitan mata a birnin Paris mai suna Stéphane Tarnier ya ziyarci gidan ajiye namun daji na birnin, inda ya ga wani akwati da ake ƙyanƙyashe ƙwan kaji a cikinsa da ɗumin ruwan zafi. Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya a lokacin shi ne yawan jariran da ke mutuwa a babban asibitin haihuwa da yake aiki, musamman bakwaini. Jaririn da ya zo duniya kafin watanninsa su cika ba shi da kitsen da zai riƙe masa ɗumi, fatarsa kuma ba ta yi kauri ba, don haka sanyi kan kama shi ko a ɗakin da manya ke gumi. Jikinsa na yin sanyi sai ya daina tsotso, sukarin jininsa ya faɗi, numfashi ya rikice. Tarnier ya sa aka ƙera masa irin wannan akwati na katako, ruwan zafi a ƙasa, jariri a sama, murfin gilashi a kai. Zuwa 1881 akwatin yana aiki a asibitin, kuma shi ne kakan na'urar da yau ake kira kwalba.

Rahoton da aka fitar a 1883 ya nuna cewa cikin jariran da nauyinsu bai kai kilo 2 ba, masu mutuwa sun ragu daga kashi 66 cikin ɗari zuwa kashi 38. Faransa ta karɓi abin hannu biyu, kuma ba tausayi kaɗai ya jawo haka ba. Ƙasar ta sha kashi a yaƙinta da Jamusawa a 1870 zuwa 1871, haihuwa kuma tana raguwa, hukuma ta shiga kallon kowane jariri a matsayin sojan gobe.

Ɗalibin Tarnier, Pierre Budin, shi ya fi kowa hangen nesa a wannan zamani. A littafin da ya wallafa a 1900 kan renon jarirai ya tsaya kan abu uku: ɗumi, nonon uwa da tsabta. Ya kuma lura da wani abu da duniya ta yi shekaru saba'in kafin ta koma kansa. Uwar da aka raba da ɗanta, aka hana ta shayar da shi ko taɓa shi, zuciyarta kan yi nesa da shi, har wasu kan bar jariran a asibiti bayan an sha wahalar ceto su. Saboda haka Budin ya so a ajiye kwalbar gilashi kusa da gadon uwa, tana ganin ɗanta, ana fito mata da shi ta ba shi nono.

Abin da ya ƙetara teku ya isa Amurka shi ne akwatin, ba wannan darasi ba. Wanda ya tallata shi a can kuwa mutum ne mai ban al'ajabi, Martin Couney. Ya fara baje kolin jarirai bakwaini a cikin kwalabe a manyan bukukuwan nuna kayayyaki, kuma daga 1903 har 1943 yana da rumfa a Coney Island, filin wasanni da nishaɗi na birnin New York. Mutane kan biya santi 25 su shiga su yi kallo, da kuɗin ake biyan ma'aikatan jinya da mata masu shayarwa, iyayen jariran ba sa biyan ko sisi. Shi da bakinsa ya ce ya reni jarirai kimanin 8,000, wajen 6,500 sun rayu. Masu binciken tarihi sun nemi takardar shaidarsa ta likita ba su samu ba. Mai karatu na iya jin ƙyamar a mai da ɗan mutum abin kallo, kuma yana da gaskiya. Sai dai a waɗancan shekaru asibitoci da yawa a Amurka ba su da wurin ajiye bakwaini, wasu likitoci ma na ganin rauninsa gado ne da bai cancanci a wahala a kansa ba. Rumfar Couney tsaf take, kuma ta nuna wa jama'a da idonsu cewa waɗannan 'yan mitsitsin yara suna rayuwa. Uwa dai a wurinsa baƙuwa ce: za ta shiga kyauta ta leƙa ta gilashi, reno kuwa na wasu ne.

A 1922 likita Julius Hess ya buɗe sashe na musamman na bakwaini a wani asibitin Chicago, daga nan wasu asibitoci suka bi sahu. Tsoron ƙwayoyin cuta ya sa aka tsananta doka: kada a yawaita taɓa jariri, iyaye kuma su tsaya bayan taga. Cikin shekarun 1940 aka samu sababbin kwalabe masu rufuwa ruf, waɗanda ake iya cika su da iskar oksijin yadda aka ga dama. Jariran da ke shiɗewa suka riƙa farfaɗowa, launin jikinsu ya gyaru, likitoci suka buɗe iskar ba ƙaƙƙautawa. Babu wanda ya gwada ko yawanta na da illa, domin kowa na ganin amfaninta a gabansa.

A 1942 wani likitan ido a Boston, Theodore Terry, ya ba da labarin wata sabuwar makanta a tsakanin bakwaini. Kafin 1953 yara kimanin 10,000 sun makance a duniya, 7,000 daga ciki a Amurka. Mawaƙin nan Stevie Wonder, wanda aka haifa bakwaini a 1950 a jihar Michigan, yana cikinsu. An zargi hasken fitila, an zargi ƙarancin bitamin, an zargi madara. Abin da ya ɗaure kai shi ne cutar ta fi yawa a asibitocin da suka fi kayan aiki. Wata likitar yara a Melbourne ta Ostireliya, Kate Campbell, ta kwatanta asibitocin garinsu a 1951, ta ga inda ake ba da oksijin ba tare da lissafin kuɗi ba, a nan makantar ta fi kamari. Dalilin shi ne jijiyoyin jinin da ke bayan idon bakwaini ba su gama tsiro ba. Oksijin mai yawa kan tsayar da su, idan an fito da yaro daga kwalba sai su yi tsiro barkatai, su bar tabon da ke fizge tantanin gani daga mazauninsa.

Wani matashin likita a Washington, Arnall Patz, ya yanke shawarar gwadawa: ya raba jarirai gida biyu, wasu a ba su oksijin da yawa, wasu kaɗan. Ma'aikatan jinya da ke ganin ana tauye wa yara numfashi sukan ƙara iskar da dare a ɓoye, sai da ya zauna ya fahimtar da su. Cikin jarirai 28 da suka sha iska mai yawa, 7 suka kamu da mummunar cutar. Cikin 37 na ɗaya ɓangaren babu ko ɗaya. Babban gwajin da asibitoci 18 suka haɗu suka yi daga 1953 zuwa 1954 ya tabbatar da maganar.

Labarin bai ƙare da daɗi nan take ba. Asibitoci suka koma ɗaya gefen, suka ƙayyade oksijin kada ya wuce kashi 40, ko da jariri na fafutukar numfashi. Makanta ta ragu ƙwarai, mace-mace da lalacewar ƙwaƙwalwa suka ƙaru. A 1973 wani masani a Ingila, Kenneth Cross, ya ƙiyasta cewa kowace makanta ɗaya da aka kauce wa ta ci rayukan jarirai 16. Wannan babi ne mafi ɗaci a tarihin fannin, kuma shi ya koya wa likitocin jarirai cewa kyakkyawar niyya ba ta maye gurbin gwaji, sannan gwajin da ya duba ido bai duba rai ba bai kammala aikinsa ba. Sai da aka samu na'urorin auna oksijin a jinin kowane jariri kafin al'amarin ya daidaita.

Huhu ma ya samu nasa masu bincike. A 1959 Mary Ellen Avery da Jere Mead suka gano cewa huhun bakwaini ba shi da wani sinadari mai santsi da ke hana 'yan jakunkunan iska manne wa juna. Ciwon rashin wannan sinadari ne ya kashe Patrick, ɗan Shugaban Amurka Kennedy, a watan Agustan 1963 bayan awa 39 kacal a duniya. A Niyu Zilan, Graham Liggins da ke bincike kan naƙudar tumaki ya lura cewa wani magani na gaggauta nunar huhun ɗan tunkiya, kuma a 1972 shi da Ross Howie suka nuna cewa allurarsa ga mai cikin da za ta haihu da wuri na ceton jariri. A 1980 Tetsuro Fujiwara a Japan ya yi nasarar ɗura sinadarin nan mai santsi kai tsaye cikin huhun jarirai.

Duk wannan ci gaba yana buƙatar kuɗi, wutar lantarki da ma'aikata, abubuwan da babban asibitin haihuwa na Bogota, a ƙasar Kolombiya, ba shi da isassu a 1978. Ana cusa jarirai biyu ko uku a kwalba ɗaya, cuta na yaɗuwa tsakaninsu, wasu iyaye mata kuma na tafiya ba su dawowa, daidai abin da Budin ya gani a Paris. Likita Edgar Rey Sanabria, daga baya tare da Héctor Martínez, suka ɗauki jaririn da numfashinsa ya daidaita, suka ɗora shi a tsaye tsakanin nonuwan uwarsa, fata na taɓa fata, aka ɗaure da zane dare da rana, abincinsa nono. Suka sa wa tsarin sunan dabbar kangaru mai renon ɗanta a jakar cikinta. Matan Hausa da suka saba da goyo ba za su ga baƙon abu a nan ba, illa dai wannan goyon a ƙirji ake yin sa, kuma babu riga tsakanin uwa da ɗa, sai hula da ɗan ƙyallen tsuguno.

Manyan likitocin Turai da Amurka sun yi ɗari-ɗari, suna kallon abin a matsayin dabarar talaka. Shakkunsu na da tushe, domin alƙaluman farko na Bogota ba a tattara su da tsari ba. Wata likita Bafaranshiya da ta zauna a Kolombiya, Nathalie Charpak, da abokan aikinta suka yi gwajin da ya dace kan jarirai 746, aka wallafa a 1997: goyon ƙirji bai ƙara mutuwa ba, ya rage munanan cututtuka, ya ƙara shan nono. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorarsa a 2003, kuma bitar gwaje-gwaje da aka yi a 2016 ta nuna yana rage mutuwa da kimanin kashi 40.

Sharaɗi ɗaya ya rage, wato a jira jariri ya daidaita a kwalba tukuna. Amma yawancin bakwainin da ke mutuwa, a kwanakin jiran nan suke mutuwa. Tambayar ko jiran ya zama dole aka kai asibitoci biyar: Ile-Ife a Najeriya, Kumasi a Ghana, Blantyre a Malawi, Dar es Salaam a Tanzaniya da Delhi a Indiya. Jarirai 3,211 masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8 suka shiga gwajin. Rabi aka ɗora su a ƙirji tun awannin farko, da robar oksijin da ƙarin ruwa a jikinsu, kimanin awa 17 a rana. Cikin kwana 28, kashi 12 suka rasu a wannan rukuni, kashi 15.7 a rukunin da ya jira. Bambancin ya fito fili har aka dakatar da gwajin kafin wa'adinsa, aka wallafa sakamakon a 2021. A watan Nuwamban 2022 Hukumar ta sauya shawararta: a fara goyon ƙirji da zarar an haihu, sai fa jaririn da ya kasa numfashi da kansa ko jininsa ya faɗi, wanda dole a fara ceto shi da na'ura.

Bakwaini miliyan 13.4 aka haifa a duniya a 2020, mafi yawansu a kudancin Asiya da Afirka kudu da Sahara. Sabuwar shawarar ba ta sallami asibitocinsu daga sayen kwalba, oksijin da janareta ba, ta ma ƙara musu aiki. Asibitoci biyar ɗin nan sai da suka gyara ɗakunan jarirai aka shigar da gadon uwa ciki, da abincinta, da makewayinta, da ma'aikatan da za su duba lafiyarta ita ma, tunda mai jego ce, wata ma an yi mata tiyata. Inda uwa ba ta iya tashi ba, wata 'yar uwa da iyali suka zaɓa ita ke ɗaure jaririn a ƙirjinta har uwar ta samu ƙarfi.